Bayan Ranar Al'adu: Abin Da 'Ya'yanmu Za Su Iya Koya A Jami'o'in Kudu Ban Da Digiri

Daren Talatar da ta wuce, bayan an idar da sallar Isha'i, wani dattijo a unguwarmu ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. 'Yarsa ce ta shiga aji ɗaya a jami'a, ta bugo waya tana neman kuɗi kashi biyu: na gudummawar "ranar al'adu" da ƙungiyarsu ke shiryawa, da na wani ɗan littafin koyon Yarbanci. Ya ce da ni, "Ɗana, ni fa karatun akanta na tura ta. Yarinyar da aka haifa a Sabo, wane Yarbanci kuma za a koya mata? Al'ada kuwa ai a gida ta baro ta. Anya wannan ba shiririta ba ce?"

Na ba shi gajeriyar amsa a tsaye. Da na koma gida sai na ga ai tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Iyaye da yawa a Sabon Ibadan da Agege da Shagamu da Ama Hausa ta Oweri suna tura irin kuɗin nan ba su san me ake yi da shi ba, wasu kuma suna hanawa don ba su sani ɗin ba. Ni na yi karatu a wata jami'a a nan ƙasar Yarbawa, na kuma riƙe sakataren ƙungiyar ɗaliban Arewa na shekara guda, don haka na ga abin daga ciki. Bari in faɗi abin da ake yi, da inda amfani yake, da inda ake ɓata kuɗi da lokaci.

Ɗalibanmu iri biyu ne

Duk wanda ya zauna a taron ɗaliban Arewa a jami'ar Kudu zai lura da rukuni biyu. Akwai 'yan gida, wato waɗanda aka haifa a nan, iyayensu ko kakanninsu suka zo fataucin goro ko shanu ko kayan gwari suka zauna. Sabon Ibadan kanta tun 1916 aka kafa ta, kun ga kuwa akwai gidajen da suka kai zuriya ta huɗu ko ta biyar a nan. Sai kuma baƙi, waɗanda suka taso daga Kano ko Sakkwato ko Bauchi, takardar shiga jami'a ce ta fara kawo su Kurmi.

Baƙon matsalarsa a fili take. Ba ya jin Yarbanci ko harshen Ibo, wani ma Turancin buroka ba ya ji. In ya shiga mota kwandasta ya yi masa magana sai ya yi ta kallonsa. A kasuwa a tsawwala masa kuɗi. A hankali sai ya takura kansa tsakanin aji da masallaci da ɗakin 'yan garinsu, ya gama shekara huɗu bai taɓa cin abinci a gidan wani Bayarabe ba.

Ɗan gida kuwa tasa matsalar a ɓoye take, shi ya sa ta fi wuyar magani. Yana jin Yarbancin titi kamar ruwa, yana jin Hausar gida, sai kowa ya ɗauka ya gama. Amma ka ba shi biro ka ce ya rubuta wasiƙa da ɗaya daga cikin biyun, a nan ake yin ta. Ni kaina haka nake. Shekarar da nake sakatare, ni aka ba aikin rubuta allon maraba na ranar al'adu. Na rubuta, na kai aka buga, aka rataya a ƙofar zauren taro da manyan haruffa: "Muna maraba da manyan baki." Wani ɗan Katsina ya tsaya ya karanta, ya juyo ya ce, "Sakatare, su wane ne masu manyan bakin nan da muke jira?" Aka yi ta dariya. Ni a lokacin ban ma gane abin dariyar ba, sai da aka nuna mini cewa "baki" daban, "baƙi" daban, bambancin ƙugiya ɗaya ce a kan harafi. Na yi firamare da sakandare a nan, ba a taɓa koya mini rubutun Hausa ko na minti ɗaya ba. Yarbancin ma da aka koyar, mun ɗauke shi darasin hutu ne don muna ganin mun iya.

To wannan giɓi biyu su ne ayyukan harshe da al'ada na cikin makaranta ya kamata su cike.

Abin da hukuma ta tanada

Tunanin cewa ɗan Najeriya ya koyi harshen maƙwabcinsa ba sabo ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta nemi a ƙarfafa wa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da harshensa na gida. Rashin malamai ya sa abin bai yi nisa ba a yawancin makarantu, amma ya bar wasu ƙofofi a buɗe waɗanda ɗalibanmu ke wucewa ba su leƙa ba.

Ta farko ita ce darussan gama-gari da ake kira GST, waɗanda kowane ɗalibi ke ɗauka ko me yake karanta. A cikinsu akwai darasi kan al'ummomin Najeriya da al'adunsu. Yawanci haddacewa ake yi a ci jarrabawa a manta, alhali a nan ne ake fara jin tarihin mutanen da ake zaune da su.

A Legas kuma abin ya zama doka. A watan Fabrairun 2018 Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa hannu a dokar kare harshen Yarbanci, wadda ta wajabta koyar da shi a makarantun firamare da sakandare na jihar, ta umarci manyan makarantu mallakar jihar su sa shi cikin darussan gama-gari, har ta yi tanadin neman kiredit a Yarbanci ga mai son shiga waɗannan makarantu. Duk uban da ke da ɗa a Agege ko Idi-Araba ya kamata ya san da wannan tun yaron yana sakandare, ya kuma tambayi makarantar da ake nema yadda take aiki da dokar.

Sannan akwai cibiyoyi na musamman. Jami'ar Ibadan tana da cibiyar koyar da Yarbanci wadda har ɗalibai daga Amurka ke zuwa su zauna don su koya. A Aba ta Jihar Abiya akwai cibiyar harsunan Najeriya ta ƙasa, NINLAN, da aka kafa a 1993. Masu karatun Faransanci suna zuwa ƙauyen Faransanci da ke Badagiri, inda ake so ɗalibi ya wuni ya kwana cikin harshen. Mai sha'awar Sinanci zai sami cibiyar Confucius a Jami'ar Legas da kuma Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka.

Wadda ta fi shafar mu kai tsaye kuwa ita ce ta kwalejojin ilimi. A kwalejoji irin su ta tarayya da ke Abekuta akwai 'ya'yan Yarbawa da Ibo da ke karanta Hausa a matsayin harshe na biyu don su zama malamai, kuma tsarin karatunsu ya haɗa da zuwa su zauna cikin masu harshen na wani lokaci. Waɗannan ɗalibai neman wanda za su yi hira da shi da Hausa suke yi ido rufe. Mu kuma ga mu nan kusa da su, ba mu san suna nema ba.

Ranar al'adu: me ake yi, me take bari?

Ita ce wadda kowa ya sani, don ita ce ke fitowa a hotuna. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi ko na yankuna sukan ware rana ɗaya ko mako guda a shekara. Kowa ya sa kayan garinsu. Namu samarin su fito da babbar riga da hula da rawani, 'yan mata da atamfa da lalle. A naɗa sarkin ɗalibai da fadawansa, a kawo makaɗa, a dafa tuwo da miyar kuka da waina, a dama fura. A gefe guda ga Yarbawa da gangunansu da amala, ga Ibo da jar hula da rigar kan zaki.

Gaskiya tana da amfani. Ranar ce yaron da ke jin kunyar a kira shi "aboki" a aji yake ɗaga kai. Ranar ce abokin karatunka zai fara ganin cewa Bahaushe ba mai gadi da mai shayi kaɗai ba ne, duk da ba abin kunya a cikin sana'o'in nan. Amma in aka tsaya a kan sutura da rawa, washegari kowa ya ninke rigarsa ya mayar akwati, ba wanda ya ƙaru da kalma ɗaya. Na ga shekarar da muka kashe kusan duk kuɗin ƙungiya a kan hayar doki da lasifika, aka tashi ba a bar komai ba sai bashi.

Abin da ke sa ranar ta bar wani abu shi ne bayani. Misali, maimakon a ajiye goro a faranti kawai, a sa wani ya faɗi labarinsa. Akwai maganar da ake yi cewa Yarbawa ke noma goro, Hausawa ke ci, Ibo ke girmama shi. Ɗalibin Ibo ya nuna yadda ake gabatar da goro ga baƙo a gidansu, babba ya yi addu'a a kansa da harshensu kafin a fasa. Ɗalibin Yarbawa ya faɗi bambancin goron da suke kira abata da wanda suke kira gbanja, sunan da ake dangantawa da Gwanja, ƙasar da fatakenmu suka daɗe suna zuwa sayen goro. Namu kuma ya yi bayanin goron ɗaurin aure da goron suna da goron sallah. Cikin rabin sa'a zauren ya gane cewa abu ɗaya ya haɗa kakanninsu tun kafin a haifi Najeriya.

Haka nan a yi allon kalmomin da muka ara wa juna. Yarbawa suna cewa alubosa da alaafia da wahala da alubarika, ga su nan kamar albasa da lafiya da wahala da albarka namu. Mu kuma muna cewa ashana da akawu da agogo, waɗanda daga bakin Yarbawa suka shigo mana. Wannan allon takarda da alƙalami kawai yake ci, amma za ka ga mutane sun fi tsayawa a gabansa fiye da gaban doki.

Sannan a gayyaci dattawanmu na unguwa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana harkar shanu ko goro a Kurmi yana da abin faɗi da ba ya cikin littafin GST. Kujera da kuɗin mota kawai yake buƙata.

Musayar harshe: aikin da ba ya cin ko sisi

Wannan shi ne abin da na fi so iyaye da ɗalibai su riƙe. Bayan abin da ya faru da allon nan, mu kaɗan muka fara wani tsari mai sauƙi. Ana haɗa mutum biyu, ɗaya mai Hausa, ɗaya mai Yarbanci ko Ibo, maza da maza, mata da mata. Su haɗu sa'a ɗaya sau biyu a mako, a ƙarƙashin bishiya ko a ajin da ba kowa. Rabin sa'a na farko harshen wannan, na biyu harshen wancan. Doka ɗaya ce: ba a gudu zuwa Turanci sai in an kasa gaba ɗaya.

Ba a farawa da nahawu. Ana farawa da abin da mutum zai buƙata gobe da safe. Makon farko gaisuwa. A nan Bahaushe yake samun sauƙi, don Yarbawa ma kamar mu suke, komai da gaisuwarsa. "Ẹ kú iṣẹ́" shi ne sannu da aiki, "ẹ kú ilé" sannu da gida, "ẹ káàbọ̀" sannu da zuwa. Kuma yadda muke ce wa babba "ku" ko da shi kaɗai ne, haka su ma suke ce masa "ẹ", su bar "o" ga sa'a ko ƙarami. Wanda ya yi kuskuren wannan a gaban dattijo ya yi rashin ladabi ko da bai nufa ba. A harshen Ibo kuma "nnọọ" sannu da zuwa ne, "daalụ" na gode, "kedu" yaya kake.

Mako na biyu ƙirga da ciniki. Ƙirgan Yarbanci yana ba mutane tsoro saboda ragi da ake yi a cikinsa, amma mu ai mun saba. Yadda muke cewa "ashirin ba biyu" muna nufin 18, haka su ma suke cewa "méjìdínlógún", wato biyu babu daga ashirin. Daga nan sai tashar mota, sai asibiti, sai yadda ake ba da haƙuri da yadda ake ta'aziyya.

Inda aka fi shan wuya shi ne karin sauti. Yarbanci yana da matakan murya uku: ƙasa da tsakiya da sama, su suke kiransu do, re, mi. Kalmar da aka rubuta da haruffa iri ɗaya tana sauya ma'ana da sauyin murya. "Ọkọ" miji ne, "ọkọ̀" mota, "ọkọ́" fartanya. A harshen Ibo "akwa" tana iya zama kuka ko ƙwai ko tufa ko gado, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke ta. Amma kada wani ya karaya, mu ma muna da irinsa, ba ma lura ne kawai don a ciki muka tashi. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha ai ba ɗaya muke faɗinsu ba. Haka kukan yaro da kukar miya. Kunnen da ya iya rarrabe waɗannan zai iya rarrabe na maƙwabta, in dai ya sami mai gyara masa.

Me ya sa wannan tsarin ya fi aji aiki? Dalili uku na gani. Na ɗaya, kowa malami ne kuma kowa ɗalibi, don haka ba wanda ke jin kunyar kuskure. Wanda ya yi maka dariya yanzu, nan da minti talatin kai za ka yi masa. Na biyu, maimaici. Harshe ba ya zama a ka sai an yi ta juya shi, sa'a biyu a kowane mako ta fi kwas na kwana uku a shekara. Na uku, ana amfani da abin da aka koya nan take. Mukan ƙare kowane wata da fita kasuwa, a ce wanda ke koyo shi zai yi cinikin, abokinsa ya tsaya a baya ya yi shiru. Ranar da wata mai sayar da barkono ta ƙara wa wani ɗan Zamfara gyara saboda ya gaishe ta da harshenta, bai sake fashin zama ba.

Waya ma tana taimakawa. Tsakanin zama da zama a riƙa aika wa juna saƙon murya ta WhatsApp, gajere, a saurara a gyara. A saurari rediyon makaranta in akwai, irin su Diamond FM na Jami'ar Ibadan da gidan rediyon Jami'ar Legas. BBC ta buɗe sassan Yarbanci da Ibo a 2018, ga kuma sashen Hausa da ke aiki tun 1957, don haka mutum zai iya bin labari ɗaya da harsuna biyu ya kwatanta. Manhajar fassara kuwa a yi amfani da ita don neman kalma, amma kada a dogara da ita wajen jimla, don ba ta san wa ake ce wa "ku" ba.

Ajin rubutun Hausa don 'yan gida

Wannan namu ne mu kaɗai, kuma 'yan'uwanmu da suka zo daga Arewa su ne malamai, musamman waɗanda suka yi Hausa a jarrabawar kammala sakandare. Ba ya buƙatar dogon lokaci. Zama shida ko takwas sun isa mutum ya miƙe.

A fara da haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y. A nuna bambancin kafa da ƙafa, bari da ɓari, dawo da ɗawo da babu shi. A sa kowa ya buɗe madannin Hausa a wayarsa, don yanzu wayoyin zamani suna da shi, ba sauran uzurin cewa ba a samun haruffan. Daga nan sai raba kalmomi: "ya ce" ba "yace" ba, "shi ne" ba "shine" ba. Sai jinsi, domin wasu yaranmu sun fara cewa "mota ya zo" da "yarinya ya tafi" ba su ji komai ba. Sai karatu a bayyane. Magana Jari Ce na Abubakar Imam har yanzu ba a yi na biyunsa ba wajen wannan aiki, kowa ya karanta shafi ɗaya, a tsaya a tattauna kalmomin da ba a sani ba. Wanda ya yi makarantar allo kuma ya nuna wa sauran yadda ake rubuta Hausa da ajami, don wasiƙun kakanninmu fatake da shi aka rubuta su.

A ba ajin abin da zai nufa. Ranar 26 ga Agusta ita ce Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015. Ranar 21 ga Fabrairu kuma ita ce ranar harshen uwa da hukumar UNESCO ta ayyana a 1999, kuma abin lura, asalinta daga ɗalibai ne: a wannan rana a 1952 'yan sanda suka buɗe wuta kan ɗalibai a birnin Dhaka da ke zanga-zangar neman a amince da harshensu na Bengali. A ɗaya daga cikin ranakun nan a shirya gasar rubutu ko kacici-kacici ko muhawara. Masu himma su rubuta tarihin unguwarsu, su je su yi hira da tsofaffi, su ajiye. Labarin Sabo da Sasa da Agege in ba mu rubuta shi da harshenmu ba, wasu za su rubuta mana shi da nasu.

Damuwar iyaye tana da tushe

Ba zan ce wa iyaye su saki jiki gaba ɗaya ba. Jami'a wuri ne da ake fakewa da sunan ƙungiya a yi ɓarna, kuma ƙungiyoyin asiri gaskiya ne a makarantun nan. Ga tambayoyin da uba zai yi wa ɗansa kafin ya tura kuɗi. Ƙungiyar tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai? Akwai malamin da ke sa ido a kanta? Da rana ake taro, a cikin makaranta? Nawa ne gudummawar, kuma ana karanta yadda aka kashe? Duk taron da aka ce sai da dare, a bayan gari, kuma kada a gaya wa kowa, wannan ba al'ada ba ce, a guje shi.

Ta fuskar addini ma akwai iyaka, kuma ba wuyar ganewa. Koyon harshe da gaisuwa da tarihi da abinci daban ne da shiga abin da ya shafi bauta. In an zo wurin da ɗalibi bai gamsu ba, ya janye cikin ladabi, ba wanda zai tilasta shi. Gaisuwar kwanciya da samarin Yarbawa ke yi wa manya ba dole ba ce a kan baƙo. Ya rusuna kamar yadda muke yi, ya faɗi kalmar girmamawa daidai, dattijon zai ji daɗi. Kada mu manta kuma da yawa daga cikin waɗanda za a yi musayar nan da su Musulmi ne 'yan'uwanmu, sahu ɗaya muke tsayawa da su. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ma a Legas aka kafa ta a 1954. Masallacin makaranta shi ne wuri mafi sauƙi da za a sami abokin musaya.

Batun karatu kuwa, sa'a biyu a mako ba ta kayar da kowa a jarrabawa. Abin da ke kayarwa shi ne wata guda ana yawon neman kuɗin biki. Lokacin jarrabawa a dakatar da komai.

Me za a samu a ƙarshe?

Na farko aiki. Bautar ƙasa da aka kafa a 1973 tana jefa mutum jihar da bai taɓa zuwa ba, kuma 'yan darussan harshe da ake yi a sansani cikin mako uku ba sa wuce gaisuwa. Bayan nan, asibitoci da bankuna da kamfanonin waya da gidajen rediyo da kotuna a garuruwan nan duk suna hulɗa da Hausawa kullum. Ma'aikaciyar jinyar da za ta saurari tsohuwa da Hausa, ta yi wa likita bayani da Turanci, ta lallashi mai jinya na gadon kusa da Yarbanci, ba ta rasa wurin aiki. Amma fa sai ta iya rubutawa, don fassarar takarda da sanarwa ba a yin su da Hausar baka.

Na biyu ya fi aiki nauyi. Ba mu manta da abin da ya faru a kasuwar Sasa ta Ibadan a watan Fabrairun 2021 ba, inda saɓani tsakanin mutane kaɗan ya zama rikicin da ya ci rayuka da shaguna da gidaje. Ba na cewa ajin harshe zai hana rikici. Amma duk wanda ya ga irin wannan rana ya san darajar mutumin da zai iya tsayawa a tsakiya ya yi wa kowane ɓangare magana da harshen da zai sanyaya masa zuciya, wanda kuma ke da lambar wayar aboki a ɗaya ɓangaren da zai kira ya tambayi gaskiyar jita-jita kafin ta yaɗu. Ɗaliban da ke zaune aji ɗaya yau su ne lauyoyi da 'yan jarida da kansiloli da jami'an tsaro na gobe a garuruwan da muke zaune. Sanin da aka yi a ƙarƙashin bishiya yana ɗan shekara ashirin ba ya goguwa.

Shi ya sa na ce wa dattijon nan, "Baba, ku tura mata kuɗin littafin, wannan kam ba asara. Na ranar al'adun kuma ku tambaye ta me za a yi da shi. Sannan ku ce ta nemi ƙawa ɗaya Bayarabiya da za su riƙa musaya, da wata 'yar Arewa da za ta koya mata rubutu. In ta dawo hutu, ku ba ta takarda ta rubuta wa kakarta wasiƙa da Hausa, ku sa a karanta a gabanku." Ya yi murmushi ya ce ai kakar ma ajami take karantawa. Na ce to shi ke nan, an sami darasi na gaba.

Ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu kuma, zangon karatu na gaba yana tafe. Kafin ku fara lissafin hayar doki, ku ɗauki takarda ɗaya ku zagaya, ku rubuta sunan duk mai son koyon Yarbanci ko Ibo, da duk mai son koyon Hausa, ku haɗa su biyu-biyu. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.